Akwatin Kaka

Wata Talata cikin watan Nuwamba, ina da shekara tara, madam ɗin lakwal, wato malamar makarantarmu ta Saint-Fons a nan Faransa, ta kai mu gidan tarihi a Lyon. Ta tsayar da mu gaban akwatunan gawa na mutanen Misira na dā, guda uku, wani cikin wani, kowanne da fentin fuska da idanu a buɗe. Sauran yara suna ta zane, ni kuwa na leƙa na can ciki. Babu kowa. Na tambayi madam ina mai akwatin, ta ce yana wani wuri, in daina taɓa gilashi. Daga ranar na daina yarda da akwati.

A gida aikina ne in shafa wa Kaka man zafi a gwiwa, tana zaune gindin taga tana ɓarar gyaɗa a tire, tana kallon hayaƙin masana'antu kamar ya ci mata mutunci. Kullum maganarta guda: “In na mutu a kai ni Damagaram, kusa da innata.” Sanyin shekarar nan ya tafi da ita. Mata suka yi mata wanka, aka sa ta cikin akwatin kwano aka liƙe da dalma, aka sa na kwanon cikin na katako, wai haka dokar jirgi ta ce. Ni an hana ni shiga, wai yarinya ce. Akwati cikin akwati kuma? Na san wannan. Kwana uku ina bin Inna daga kicin zuwa bayi: wa ya gani, wa ya rufe, in sun bar ta a Paris fa? Har ta gaji da ni.

Kawu Issufu na unguwar Goutte d'Or a Paris shi ya raka gawar. Da ya kira daga Damagaram, na fizge wayar ko gaisuwa babu, na ce ya gan ta da idonsa? Ya ce: “Ni na fiddo ta, Rakiya. Daga ita sai likkafani sai ƙasa.” A ranar na fara kuka.

Yanzu ina cikin matan da ke wankan gawa a unguwarmu. Ba na barin ɗakin sai an liƙe murfi a gabana, in fito in nemo ƙaramar yarinyar gidan, in ce mata na gani. Da ma ni ma wani ya faɗa mini haka tun ranar da aka liƙe na Kaka.