Tayoyi Huɗu a Ɗakin Mai Takaba

Mijina ya rasu a farkon damina. Da hantsi ya dawo daga kasuwar ƙauye, ya sauke buhunan mutane, ya shigar da motarsa kangon da ke jikin gidanmu a Ƙofar Ran, ya ce kansa na sara masa. Bai ga la'asar ba. Ya bar ni da 'ya'ya mata huɗu da tsohuwar a-kori-kura fara. Ba gona, ba shago. Ni masa nake soyawa, kuma masa ba ta riƙe baki biyar. Abin da zai ciyar da mu yana tsaye a kangon nan.

Ranar sadakar bakwai wan mijina ya tara dangi a zaure. Ni ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce tunda akwai marayu, ba mai taɓa motar sai na fita takaba an yi rabon gado. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne a raina. Sai ya shiga kangon, ya ja birkin hannu har ƙarshe, ya ɗaga gilasai, ya lulluɓe ta da baƙar ledar shanya, ya ɗaure da igiya. Makullin ya jefa a aljihunsa.

Na yi magana ta bayan ƙofa.

"Yaya, ba haka ake ajiye mota ba. Wata huɗu ne, kuma damina ce."

"Ke ki ji da carbinki," in ji shi. "Wannan ba tandar masa ba ce."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kwana bakwai da binne mijina.

Ba su sani ba, na taɓa ajiye motar nan da hannuna. Shekarar da mijina ya karye a cinya a hanyar Ningi, wata bakwai ya yi a kwance. Aka ɗauko shi aka zaunar a tabarma a bakin kangon, yana faɗa ina yi. Ya yi mini tsawa ya fi a ƙirga. Na ƙone hannu da ruwan batir, tabon yana nan. Amma da ya warke, murɗa ɗaya ta tashi. Ban san baƙi ba, ban taɓa riƙe sitiyari a titi ba. Na dai san abin da ke kashe motar da aka ajiye.

Leda tana tara gumi, gumi yana cin ƙarfe. Birkin hannu idan ya daɗe a jaye, maƙalewa yake yi. Taya idan ta zauna wuri ɗaya cikin laima, tsagewa take yi. Na san duk wannan, na kuma yi shiru, don an ce mai takaba ba ta ɗaga murya.

Sati na uku ina wanke-wanke na ji an tayar da ita. Na san kukan injin nan kamar tarin mijina. Na leƙa ta ƙofar kangon. Yaya ne a ciki, yana neman giyar baya, giya na ihu kamar ana yanka ta. Ya fita da ita. Sai bayan la'asar ya dawo, laka har ƙofofi. Washegari ma haka. Taki yake kaiwa gonarsa ta hanyar Dass. Ashe da ya ce ba mai taɓawa, ni da 'ya'yana yake nufi.

Rana ta uku ya dawo da ita ya sake lulluɓewa da ledarsa a kan lakar. Na jira ya tafi, na ɗaga ledar. Buhu ya fashe masa a baya, taki ya zube ya jiƙe da ruwan sama, yana narkewa a kan ƙarfe. Taki ba ya barin ƙarfe. Wata huɗu a haka, ka taka bodin nan ƙafarka za ta fita ta ƙasa. Tankin ma ya kusa bushewa. Fitila ɗaya ta fashe.

Ban yi kuka ba. Na aika aka kira mini maƙwabciyata mai sayar da itace. Mace ce ƙatuwa, ta girme ni, ta binne maza biyu. Ta zo ta tsaya ta kalli motar, ta kalle ni.

"Ke, da farin mayafin naki?"

"Da shi."

"Za su ce kin haukace."

"Su ce. Kina da bulo?"

"Ina da takwas, na ginin banɗaki ne. Banɗakin ya jira."

Da sassafe muka fara. Ƙofar gefen fasinja ba ta kulluwa tun da can, ta nan na shiga. Muka share taki da tsintsiya, muka kwarara ruwa, muka goge, muka sake kwararawa. Na shiga ƙarƙashi da guntun itace ina kankare laka. Lakar tana zubo mini a ido, a baki. Na tsince ƙwayar masara da gero ɗaya-ɗaya daga lungunan kujera, don ɓera ba ya zuwa banza, kuma in ya zo ba ya tafiya sai ya ci waya. Da bodin ya bushe na shafe shi da tsohon baƙin mai da mijina ya bari a galan.

Jak ɗin yana bayan kujera inda yake ajiye shi. Notocin tayoyin suka ƙi kwancewa. Na ja, na ja, ko motsi. Maƙwabciyata ta ture ni, ta ɗaure zani, ta hau kan sifana da ƙafa biyu. Noti ya yi ƙara ya saki.

"Kin ga amfanin tuwo," ta ce. "Ku sirara ba abin da kuke yi sai ciwon baya."

Ranar ce na fara yin dariya tun rasuwar. Na tsaya na duba ko wani ya ji.

Muka ɗaga ta kusurwa-kusurwa. Bulo biyu, katako a sama, sannan a sauke ta a hankali. Na san inda ake sawa, kan ƙashin motar, ba kan gwangwani ba. Muka cire tayoyin huɗu. Na saki birkin hannu. Na cusa soson ƙarfen da nake wanke tukunya da shi a bakin salansa, na ɗaure tsumma a kai. Na zuba kafur da dakakken barkono a cikin bonet da ƙarƙashin kujera. Na sassauta gilasai kaɗan, iya shigar iska. Maƙwabciyata ta shiga keke napep ta kawo fetur a jarka, muka cika tanki, don tankin da ba komai tsatsa yake yi daga ciki. Ledar Yaya na naɗe na ajiye masa a zaure. Muka kafa sanduna muka ɗora tsohon tampol sama, bai taɓa jikinta ba.

Batir ne ƙarshe. Na kwance baƙar waya tukuna, sannan ja, yadda aka koya mini da tsawa. Na shafa giris a kawunan.

"To ina za a kai su?" ta ce. "Kin bar su nan, gobe ya mayar."

"Ɗakina."

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan taya. Muka gangara su ɗaya bayan ɗaya ta tsakar gida. Biyu a bayan ƙofa, biyu a jikin gado. Batir a ƙarƙashin gado kan katako.

Katangar kangon gajera ce. Kafin azahar duk unguwa ta san matar marigayi ta kwanta a ƙarƙashin mota. Yaya ya zo bayan la'asar. Tun daga waje nake jin sa. Ya tsaya a zaure, na tsaya a bayan ƙofa.

"Wa ya ba ki izini?"

"Kai ka ce kada a taɓa ta, Yaya. Yanzu ba mai iya taɓa ta."

"Mai takaba a ƙarƙashin mota! Kowa ya gani. Kin zubar mana da mutunci."

"Kowa ya ga taki ma."

Sai ya ce ai taimakon motar yake yi, inji yana son motsi. Na ce giyarta ba ta son irin nasa motsin. Ya ce shi ma yana da rabo a ciki, tunda ƙanensa bai bar ɗa namiji ba. Wannan ta shige ni. Na ce idan an raba ya ɗauki nasa, amma ba zai cinye na marayu tun kafin a raba ba.

"Fito da batirin nan da tayoyin."

"Suna ɗakina. Batirin yana ƙarƙashin gadon ƙanenka. Shiga ka ɗauka."

Bai shiga ba. Wane namiji ne zai shiga ɗakin matar ƙanensa tana takaba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadonta? Ya aiko matarsa. Na ba ta tabarma, na ba ta ruwa, na zauna a kan gadon. Ta gaji ta tafi. Ya kai ƙarata wurin limamin unguwa. Liman ya zo ya leƙa kangon, ya tambaya ko na kwana a waje. Aka ce a'a. Ya tambaya ko na yi kwalliya. Maƙwabciyata ta ce da baƙin mai dai. Ya juya ya tafi.

Daga nan dangin mijina suka ɗauke ƙafa. Hatsin da suke aikowa ya tsaya. Mata suka riƙa zuwa gaisuwa don su ga tayoyi. Na kwana da warin roba wata uku da wani abu. Kowace Juma'a ina shiga kangon in duba kashin ɓera, in ƙara kafur, in zubar da ruwan da ya taru a tampol. Duk wata maƙwabciyata tana kai batir caji a keke. Ruwa ya yi ruwa a shekarar. Katangar kangon ma ta zube gefe ɗaya.

Da na fita takaba aka taru rabo. Yaya ya riga kowa magana. Ya ce motar ta mutu, mata sun kwakkwance ta, gara a bar masa ita a matsayin ƙarfe ya san yadda zai yi, kada marayu su yi asara. Liman ya ce a kira makaniki tukuna.

Makaniki ya zo, abokin mijina ne. Na tsaya a kansa. Na ce ya mayar da tayoyi, ya ba su iska, ya cire soson salansa, ya duba mai da ruwan lagireto, ya ɗaura jar waya kafin baƙa. Ya ce, "Hajiya, ai na sani." Na ce ban je Makka ba, ya dai yi. Aka nemi makulli. Yaya ya daɗe yana lalube a aljihu.

Murɗa ta farko ta yi tari. Ta biyu ta kama. Makanikin ya fita da ita ya zaga unguwa ya dawo, ya ce ba abin da ke damunta sai giyar baya da wani ya ci wa mutunci. Ba wanda ya kalli kowa.

Aka yanke motar ta zauna hannun marayu, a ba direba ya riƙa ja, a fitar wa Yaya da rabonsa a hankali. Ya tashi yana kakkaɓe riga yana gaya wa mutane, "Ai da ma mun kula da ita sosai." Makanikin ya miƙa masa makullin, don shi ne babba. Na miƙa hannu na karɓe a tsakaninsu, na ɗaure a bakin zanina.