Buhuna a Bayan Motar Baballe

Ranar da mijin Ummulkhairi ya rasu a asibiti, Baballe direba ne ya ɗauko gawar zuwa Bunkure a tsohuwar a-kori-kurarsa. Kafin su tashi sai da ya jera buhunan shinkafa a baya. Ba ta tambaya ba, shi ya faɗa mata. Ya ƙara wa sifirin da ke kan tayoyin baya ƙarafa ne don bayan motar ya ɗaga, ya daina gogar ƙasa in an lafta kwandunan tumatir, amma in babu kaya sai ta yi ta tsalle a hanya.

Rayuwarsa duk tsakanin Kadawa da kasuwa ta ƙare, in ba ya cikin motar to yana ƙarƙashinta.

Yau da safe aka ce Baballe ya cika a asibitin nan. Ba ta ji komai ba, ko hawaye bai zo ba. Da ta ga ƙannensa sun tayar da motar wayam za su ɗauko shi, sai ta ja mayafi ta tsaya a gabanta, don ya taɓa ce mata yana dariya:

"Gwaggo, ranar tawa, ki ce su sa buhuna."