Muryar da Na Shafe da Hannuna

A shekarar da aka yanke mana jiha daga Filato, Lafia ta zama babban birninta, ina da ɗan shago a Bukan Sidi inda nake gyaran rediyo da kaset. Ban yi boko mai nisa ba, karatuna na allo ne, ko sunan mai kaya da ajami nake rubutawa in manna a jiki. Abincina daga rediyo yake fitowa, amma zuciyata tana wajen tsofaffin rikodar nan masu faifai biyu, waɗanda zaren tef ke warwarewa daga wannan ya naɗe a wancan. Tun lokacin mutane sun yar da su. Ni kuwa duk inda na ji labarin wata sai na bi ta na saya na gyara, har telan da ke maƙwabtaka da ni yakan ce ranar da na mutu, 'yan gwangwan ne za su fi kowa zuwa ta'aziyya.

Wata ranar kasuwa wani magidanci Bafulatani daga wata ruga ta wajen Obi ya sauke buhu a ƙofata. A ciki akwai rikoda irin wadda na daɗe ina nema, da faifai ɗaya a kanta. Ya ce wani likitan dabbobi da ya daɗe yana yi musu allurar shanu ne ya ɗauki muryar mahaifinsa, da zai bar aiki ya ba su ita kyauta. Mahaifin ya rasu, ruga ba wuta, tun daga nan take ajiye. Yanzu mahaifiyarsa ta tsufa, idonta ya tafi, ba abin da take roƙo sai ta ƙara jin muryar mijinta. Ya ce in ta gyaru zai ɗauko ta a mota ta zo ta saurara a shagona.

Aikin bai yi wuya ba. Bel ɗin roba mai juya faifan ne ya narke, na sa wani, na goge kan da ke karanta sauti da auduga da sipirit. Da na kunna sai ga muryar dattijo tangaram, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. To, ina da al'ada: duk wadda na gyara sai na sa wani faifan gwaji nawa, in danna jan maɓalli in yi bisimilla, don in ji ko tana ɗauka. Ranar nan murna ta sa ban sauya faifan ba. Na danna, na yi bisimilla, sai aka kira la'asar. Na tashi na tafi masallaci ban kashe ba. Da na dawo zaren ya ƙare, jelarsa tana ta dukan jikin rikodar. Na mayar baya na kunna. Bisimillata na ji, daga nan sai ƙarar keken tela har ƙarshe.

Wannan kuskure ne, ɗan Adam yana yi. Laifina shi ne abin da ya biyo baya. Da mutumin ya dawo, na dube shi na ce danshin damina ya cinye zaren, ita ma rikodar ta mutu. Ya ce haka Allah ya so, har yana ba ni haƙuri wai ya wahalar da ni. Ya ce in riƙe ta, don in ya koma da ita tsohuwa za ta yi ta shafawa tana tambaya. Ba zan ɓoye muku ba, da ya juya baya har wani ɗan daɗi na ji, na tsira kuma na samu abin da nake so. Da rani ya shigo, masu tallar nono suka gaya mini tsohuwar ta rasu.

Duk bayan damina nakan juya faya-fayan da na tara don kada zaren ya manne, amma wannan ban iya taɓa shi ba sai da aka haura shekara goma. Ranar da na daure na ɗora shi, a kife na ɗora. Sai ga muryar dattijon. Duk mai wannan sana'a ya san zaren fuska biyu gare shi, ɗaya kawai na shafe, tsoro ne ya toshe mini tunani. Da ɗan Fulatancin da nake ji na gane matarsa yake tsokana, yana cewa ta matso ta yi magana, ƙarfen ba ya cizo, ita kuma tana ƙi tana dariya. Da na faɗi gaskiya ran nan, da mun bincika tare, da ta ji.

Shi ya sa nake rubuto muku, musamman 'yan'uwana masu aikin hannu. Ɓarna tana da gyara muddin an faɗe ta a kan lokaci. In ka rufe ta da ƙarya, har abin da ya tsira sai ka binne.

Na yi hayar ƙaramin janareta na tafi rugar. Na sami magidancin nan da furfura, na ce masa ya bari in gama kafin ya yi magana, na faɗa masa komai, sannan na kunna. Ya saurara kansa a ƙasa, ya sa na maimaita. Da ya ɗago ya ce nasa haƙƙin ya yafe, na mahaifiyarsa kuwa ba shi da ikon yafewa, sai dai in riƙa sa ta a addu'a, kuma ina yi har yau. Ya ce in juye masa muryoyin a kaset saboda jikoki. Da na miƙa masa rikodar sai ya turo mini ita da sandarsa, ya ce wancan karon ƙarya ce ta karɓa, yanzu shi ne ya ba ni.