Yadda Auta Ta Toshe wa Baba Kunne

A gidanmu ba a raɗa. Ko asiri za ka faɗa wa mutum, sai maƙwabta sun riga shi ji. Dalili kuwa Babanmu mai injin niƙa ne, tun kafin a haife ni yake tsaye a kan injin nan, ƙararsa kuma tana cin kunnensa a hankali. Muka tashi muna yi masa magana da ƙarfi, shi ma yana mayar mana da ƙarfi, har abin ya zame mana jiki. A cikinmu kuwa babu mai murya irin ƙanwata Auta. Lasifika 'yan unguwa suke ce mata, ita ko a jikinta.

Tun tana firamare ita ce tafintan Baba. Da an tashi makaranta sai ta wuce shagon, ta kifa bokiti ta hau, gari ya yi mata fari fat har gira. Wadda ta kawo niƙa ta faɗi abin da take so, Auta ta kai baki kunnen Baba: "Ta ce a yi mata da laushi!"

Ranar da ta samu gurbin jami'a, tun daga bakin layi muka jiyo ta. "Na samu! Mama, na samu!" Ta faɗo gida takalmi ɗaya a hannu. Da aka tambaye ta me za ta karanta, ta ce kiwon lafiyar al'umma da kare ma'aikata a wurin aiki.

Mama ta ce, "To allura za ki riƙa yi, ko magani za ki bayar?"

"Ko ɗaya, Mama. Likita jira yake mutum ya kwanta. Mu hana shi kwanciyar za mu yi."

Baba dai kalma ɗaya ya tsinta. Washegari duk wanda ya kawo niƙa sai ya ji cewa 'yarsa za ta tafi karatun likita.

Daga nan muka shiga uku. Kowane hutu da sabuwar fitinar da take dawowa da ita. Ta fitar da tukunyar gas daga ɗakin girki. Ta sa aka naɗe wayoyin wutar da suka yi shekaru tsirara a zaure. In kuna tafiya da ita ta hango magina a saman bene babu hular kwano, sai ta tsaya ta ɗaga murya, kai kuma ka rasa inda za ka sa kanka don kunya. Ni da nake yayanta, tela ne, sai da ta raba ni da kujerata, wai bayana zai lanƙwashe tun ban yi aure ba. Na yi ta masifa, ciwon bayan da nake fama da shi kuma ya tafi abinsa.

A shekarar ƙarshe ta zaɓi yin bincikenta a kan ƙarar injinan niƙa. Ta aro wata 'yar na'urar auna ƙara daga makaranta, baki har kunne, ta ce da shagon Baba za ta fara. Ina wurin ta kunna ta. Ta dubi na'urar, ta dubi Baba, fara'ar ta ɓace. A satin ta ja shi asibiti. Likitan kunne bai ɓoye ba: abin da ya tafi ba zai dawo ba, ɗan abin da ya rage kuma in ba a kare shi ba, nan gaba kaɗan ko kiran sunansa aka yi ba zai ji ba.

Auta ta sayo marufin kunne, irin mai kofi biyu da ake ratayawa ta saman kai. Baba ya juya shi a hannu ya miƙa mata kayanta.

"Likita, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da kunne nake aikin nan. In bel ya saki, in dutse ya shiga, in hatsi ya ƙare inji na cin kansa, a kukansa nake ji. Ki toshe min kunne, kin kashe min inji."

"Baba, ina so ka ji an kira sunana ranar yaye mu."

"Me kika ce?"

Ta maimaita. Ya kawar da kai, amma bai karɓa ba.

Na zaci za ta ɗaga unguwa da faɗa. Ina! Yarinyar nan ta samu benci a lungun shagon ta zauna, kwana da kwanaki, ba ta cewa uffan, ido kawai ta zuba masa. Har na fara tsokanarta cewa Lasifika ta lalace. Ran nan da hantsi ina cikin ɗinki sai ga ta a guje.

"Yaya, tashi! Na gano! Wallahi na gano!"

"Me kika gano? Kayan mutane ne a hannuna."

"Ajiye su! Shaida nake nema!"

Ta ja ni har shagon, ga mata sun yi layi da kwanukansu. Ta roƙi Baba ya tsaya gefe, ya sa hannuwansa a baya, ya rufe ido, in ya ji hatsi ya ƙare a inji ya faɗa. Ya yi dariya, ya ce wasan yara. Ta zuba masara, ta bari ta ƙare. Kukan injin ya canza, ni da ba sana'ata ba ce na ji. Baba yana tsaye, ido a rufe, yana ta jira. Da ya buɗe ido ya ga babu ko ƙwaya a ciki, sai fuskarsa ta faɗi. Ban taɓa jin tausayin mahaifina kamar ranar ba.

Auta ba ta bar shi ya yi nisa a tunani ba. Ta ɗora masa marufin a kunne, ta kama hannunsa ta aza a jikin injin, nesa da bel, daidai wurin da fenti ya goge saboda yawan dafawa. Ta sake zuba masara. Ƙwayar ƙarshe na wucewa Baba ya daka tsawa: "Ya ƙare!"

Matan nan suka kaure da shewa. Auta tana tsalle kamar ta samu jami'a karo na biyu. Ta ɗaga masa kofi ɗaya ta ce, "Baba, ka daɗe da daina jin sa da kunne! Duk sanda ka ce ka ji, hannunka na kansa. Da tafin hannu kake aiki, ba ka sani ba!"

Ya daɗe yana kallon hannun nan. Can ya mayar da kofin kan kunnensa da kansa, ya ce wa ta gaba ta miƙo kwanonta.

Tun daga ranar bai ƙara tayar da inji kunne a buɗe ba. Abokan sana'arsa suka yi ta ce masa matuƙin jirgin sama, daga baya su ma suka fara aiko wa Auta a sayo musu. Ya ce ƙugin da yake kwana da shi a ka ya ragu.

Ranar yaye su, mun samu wuri can baya a babban ɗakin taro. Ana ta kiran sunaye, Baba ya karkata kai, ya kafa kunnen da ya fi ji, ko motsi ba ya yi. Aka zo kanta. Kafin in taɓa shi ya miƙe tsaye.

"Na ji! Wallahi na ji! Har da sunana a ƙarshe!"

Rabin ɗakin ya waiwayo. Daga can kan dandamali wata murya da ba ta buƙatar lasifika ta amsa: "Da kunne, Baba?"

Na dubi hannuwansa. Duka biyun suna sama, ba su dafa komai ba.