Igiyar da Mitwalli Ya Yanke

Duk mai zuwa bakin ruwa a Burullus ya san Mitwalli mai ɗinkin komar kamun kifi. Kullum yana jingine da wani mataccen kwalekwale, ba ya taka ruwa ko da iya idon sawu. Yaran yanzu sun ɗauka tsoro ne. Ni ɗan baffansa ne, tare muka tashi, kuma a zamaninmu babu wanda ya kama ƙafarsa wajen nutso.

Iya ruwan nan ne ya ja masa. Da aka kira sa'o'inmu aikin soja, ni gadin sito aka tura ni. Shi kuwa wani hafsa ya ga iyonsa ya ce a kai shi rundunar 'yan kundumbala ta sojan ruwa, kusa da Iskandariya. Mahaifiyarsa ta yi ta guɗa har muryarta ta dushe.

A can aka yi wa sababbin ɗauka aski ƙwal, aka karɓe sunayensu aka ba su lamba. Ga gudu cikin yashi da gungume a kafaɗa, ga kwanciya a ruwan hunturu har haƙora su riƙa karo, gurasa da wake ma a tsaye ake ci. Iyo kuma bibbiyu ake yi, da igiya a ƙugu ta haɗa kowa da abokinsa. Dokar ita ce ku fito tare ko ku nutse tare.

Aka haɗa shi da Hammam, ɗan manoman rake daga kudu, ƙato mai ƙarfin gaske, sai dai ruwa bai karɓe shi ba.

"Kai ɗan kifi, ja ni a hankali mana," in ji Hammam. "A garinmu jaki kaɗai ke jana."

"To yau jakin ne a baya. Buga ƙafa, ɗan rake."

Suka shaƙu har sigari ɗaya suke rabawa.

Mu masunta da wuƙa muke tashi. Tun kana yaro ake cusa maka cewa in igiya ta ja ka ƙasa, ka yanke ta kafin ka yi tunani. Wata safiya, ana gab da yaye su, aka zuba su cikin teku tana hauka. Taguwar ruwa ta danne Hammam, igiya ta fizgi Mitwalli ƙasa. Ya rantse mini bai san lokacin da hannunsa ya zaro wuƙar ba. Sai ya ga ya taso shi kaɗai da guntuwar igiya a ƙugu. Ya yi ta komawa yana nutso har hancinsa ya fashe da jini. Har yau ba a ga gawar Hammam ba.

Masu bincike suka ce hatsari ne. Babu wanda ya zage shi, amma babu wanda ya sake yarda a ɗaura su tare. A kicin ya ƙarasa wa'adinsa yana feraye dankali.

Ya dawo gida ya zama abin tausayi. An gaya wa iyayen Hammam teku ce ta ci ɗansu, shi kuma so yake su ji gaskiya, su yafe ko su ɗauki fansa. A kudu, wanda jini ke wuyansa yakan ɗauki likkafaninsa a hannu, ba takalmi, ya kai wa masu jinin. In sun karɓa, an yafe ke nan. Na ce masa wannan hauka ne, amma dai na raka shi.

Muka tarar da mahaifin Hammam, Hajj Dahi, zaune a ƙofar gida. Mitwalli ya tsaya da farin ƙyalle a hannu ya faɗi komai, bai rage ba.

"Ya kira ka?" in ji tsohon.

"A ƙarƙashin ruwa ba a jin kira, Baba."

Tsohon ya ɗora hannuwansa biyu a kan sandarsa, bai miƙo ko ɗaya ba. Can sai mahaifiyar Hammam ta fito cikin baƙaƙen kaya, ta karɓi likkafanin. Har na fara hamdala a zuci. Ta warware shi ta auna da kamu.

"Ya yi masa kaɗan," ta ce. "Hammam dogo ne. Amma bar mini shi, tunda ba shi da wani likkafanin."

"Inna, kin yafe mini?"

"Kawo mini gawarsa in rufe, sannan ka tambaye ni."

Ta shige gida ta jawo ƙofa.