Sunan da Inna ta ƙi faɗa

Jama'a, yau kunyar 'yar fari ta kusa cinye akuyar Inna!

Naƙuda ta kama Yaya Mariyama, 'yar farin Inna, da hantsi, muka kai ta likita a Magariya. Ungozoma ta aiki Inna farmasi sayo magani. Mijin Yaya yana da asiransi, wato inshorar lafiya, kaɗan za mu biya.

Mai farmasi ya ce, "Hajiya, sunan mai haihuwa?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Yarinyar gidana."

"In babu suna, sai ki biya duka."

Na iske ta tana waya a kai akuyarta kasuwa. Na faɗi sunan, akuya ta tsira.

Mace aka haifa. Inna ta rungume ta, ta raɗa mata, "Ke kam, zan kira sunanki har muryata ta dushe."