Wasiƙar da Alƙalin Bunguɗu Ya Hana Ni

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba na ƙudura sai na zama alƙali. Abin da ya ja ni kuwa rawani ne, da yadda ake zube wa mai shi. Na haddace 'yan babobin fiƙihu, kaina ya kumbura. Mahaifina ya ce kafin in tafi Sakkwato karatun shari'a, in je in zauna damina guda a zauren alƙalin Bunguɗu, don sai da wasiƙarsa malaman can za su karɓe ni.

Alƙalin tsoho ne mai yawan gyangyaɗi. Ana shari'a yana lumshe ido yana taunar goro, ni kuwa ina gefe ina raina shi a zuci. Har na fara gyara masa ƙa'ida a gaban mutane. Rannan ya ce to, in zauna a buzunsa in yi.

Wani dattijon Bafillace ne daga wajen Tsafe ya kawo ƙarar manomin Furfuri, wai ya sare masa ƙafar saniya a bakin gona. Ya zo da shaidu biyu, tsoho da saurayi. Manomin ya ce saurayin ɗansa ne. Na san ba a karɓar shaidar ɗa ga uba, sai na gyara zama kamar zakara a kan juji, na tambayi dattijon ko ɗansa ne.

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaron ruga na."

Na ce ya faɗi sunansa. Na maimaita har sau uku, yana ta tonon ƙasa da sanda. Nan na hau shi da faɗa, na kira shi maƙaryaci mai ɓoye ɗa don ya ci shari'a, na ce dogari ya kawo bulala. Mutum ne sa'an mahaifina. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Alƙali ya buɗe ido ɗaya, ya tambayi tsohon shaidar. Tsoho ya ce ai ɗan fari ne. Kowa a zauren ya san iyaye ba sa ambatar ɗan fari, balle su nuna shi su ce nasu ne. Kowa har dogarin, ban da ni, malam mai babobi. Alƙali ya ba dattijon haƙuri, ya sa a nemo wani shaida.

Da kaka ta yi na je karɓar wasiƙa. Ya tambaye ni na nawa ne a ɗakinmu. Na ce na fari.

"To koma Gusau ka tambayi innarka sunanka. Randa taf faɗe shi da bakinta, taho in rubuta ma."

Shekara ashirin ta ƙara a duniya tana ce mini "kai wannan", har aka kai ta makwancinta. Ban taka Sakkwato ba sai da fataucin goro.